Zauren Manhaja: "Ai duk kyauta ne, me zai hana mu haɗa su?"

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana ɗaya, wato lasisin manhajojin da ake sakin kod ɗinsu ga kowa. Na ji daɗin hakan, domin shekara da shekaru ina koyar da rubutun manhaja a ɗan shagona da ke Titin Gidan Zoo, kuma da wuya ɗalibi ya buɗe takardar lasisi ya karanta kafin ya ɗauki kayan mutane.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu uku ne, bara muka gama karatun kwamfuta. Muna rubuta wata manhaja da 'yan Kantin Kwari za su riƙa rubuta shigowar kaya da fitarsu da bashin 'yan sari. Kod ɗin da ke fitar da rasit mun ɗauko shi daga wani aiki mai lasisin GPL bugu na 2, wanda ke aika saƙon tunin bashi kuma daga wani mai lasisin Apache 2.0. Aiki ya yi kyau, har wani Alhaji ya ce a saka masa a shagunansa biyu. Sai ɗayanmu ya ce wai ba a haɗa lasisin nan biyu. Ni kuwa na ce ai duk kyauta ne a intanet. Maganar har ta fara ɓata tsakaninmu. Wa ke da gaskiya? Ɗalibinka, daga Tarauni.

AMSA: Ƙanena, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, kuma ka riƙe shi da kyau, domin irinsa ne ke hana aiki rushewa bayan an yi nisa.

Kuskuren daga kalmar "kyauta" ya taso. A Turanci kalma ɗaya ce, wato "free", ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, shi ya sa su kansu Turawan suke rikicewa. Mu Hausa ta raba mana su, bai kamata mu faɗa ramin ba. Da Richard Stallman ya shelanta aikin GNU na gina manhajoji masu 'yanci a 1983, ya kuma kafa gidauniyar FSF, mai fitar da lasisin GPL, a 1985, 'yanci yake nufi: ka yi amfani da manhaja yadda ka so, ka duba cikinta ka gyara, ka ba wani, ka kuma raba gyaran da ka yi. Amma wanda ya rubuta kod ɗin bai yar da haƙƙin mallakarsa ba. Yana nan riƙe da shi, izini ya ba ka bisa sharaɗi. Ko a nan gida, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne wakafi. Mutum ya haƙa rijiya a unguwa ya ce kowa ya ɗiba, amma ya kafa sharaɗi, kuma malamanmu sun ce ana bin sharaɗin mai wakafi matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Mai rijiyar GPL sharaɗinsa biyu ne masu nauyi. Na farko, duk wanda ka ba ruwan nan, ko ka gauraya shi da naka, ka ba shi da irin 'yancin da ka samu, har da kod ɗin. Na biyu, wanda ke sashe na 6 na bugu na 2, kada ka ƙara wa mai karɓa wani sharaɗi a kan nawa. Mai rijiyar Apache, wanda bugunsa na 2.0 ya fito a 2004, ya fi sassauci nesa ba kusa ba, har ya yarda ka rufe kod ɗinka ka sayar. Sai dai yana da wata magana a kan haƙƙin ƙirƙira, wato patent, rajistar da ke kare sabuwar dabarar da mutum ya ƙirƙiro: in ka kai ƙara kotu kana cewa manhajar ta taka haƙƙin ƙirƙirarka, to izinin ƙirƙirar da aka ba ka a kanta ya faɗi. Sharaɗi ne mai kyau, ni ina son sa. Amma babu shi a GPL bugu na 2, don haka FSF ta ce ƙari ne, ƙari kuwa an hana. Ka ga mai kura ya juye jarkokin rijiyoyi biyu a randa ɗaya: in ka bi maganar wannan ka saɓa wa wancan, ruwan kuma ba ya sake rabuwa.

Kafin ku karaya, ku koma ga kod ɗin rasit ɗin, ku duba saman kowane fayil da takardar bayaninsa. Layi ɗaya kuke nema. In an rubuta cewa ana iya bin bugu na 2 ko wani bugu da zai zo bayansa, wanda a taƙaice ake rubutawa GPL-2.0-or-later, to kun tsira. Za ku ɗauke shi a ƙarƙashin bugu na 3, wanda da gangan aka tsara shi ya karɓi kod ɗin Apache 2.0, sai manhajarku gaba ɗaya ta fita da GPL bugu na 3. Ku lura hanyar ɗaya ce: kod ɗin Apache yana shiga aikin GPL 3, amma na GPL ba ya komawa ya zama na Apache. In kuwa kun tarar da GPL-2.0-only, wato bugu na 2 kaɗai, ƙofar a rufe take. Ko GPL bugu na 3 kansa ba ya haɗuwa da shi, duk da gidansu ɗaya. Sai dai ku rubuta wa mai kod ɗin ku roƙi izini, ko ku nemi madadinsa mai lasisin MIT ko BSD na yanzu, waɗanda ke shiga kusan ko'ina, ko ku zauna ku rubuta naku.

Ba daga littafi kawai na san ɗacin wannan ba. A shekarun baya na yi wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar fitar da sakamakon jarrabawa, na haɗa kod mai bugu na 2 kaɗai da wani mai bugu na 3 ban duba ba. Sai da makaranta ta biyu ta nema, na zauna shirya takardu, sannan na gani. Na rubuta wa mai kod ɗin har sau biyu, shiru. Azumi ne lokacin, kuma mako uku na yi ina dawowa daga asham ina sake rubuta sashen da hannuna. Babu wanda zai kama ni da na yi shiru, na san da haka. Amma wani bawan Allah da ban taɓa gani ba ya ba ni guminsa bisa amana, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba amma na san yana ranka: e, kuna iya karɓar kuɗi a hannun Alhaji. GPL ba ta hana ciniki ba. Abin da ta ce shi ne, ranar da kuka miƙa masa manhajar, yana da haƙƙin samun kod ɗin, yana kuma iya ba wani. Ku gaya masa haka tun yanzu, ku gina cinikinku a kan sakawa da gyara da koyar da yaran shago, domin can ne ɗan Kwari ke biya da daɗin rai.

TAMBAYA: Malam, ni gyaran waya nake yi a Farm Centre. Ana ce mana Android daga Linux take, Linux kuma ta kowa ce. To me ya sa wayoyi da yawa suke zuwa a kulle, ba ka isa ka yi musu filashin da wata manhaja ba sai ta kamfanin? Wani abokin sana'a ya ce wai manyan abin ma sun yi faɗa a kan haka. Gaskiya ne?

AMSA: Gaskiya ne, maigida, kuma abin da kake fama da shi a kan tebur kullum shi ne ainihin abin da suka yi jayayya a kai.

GPL bugu na 1 ya fito a 1989, na 2 a watan Yunin 1991. A shekarar ce Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara Linux, kuma a 1992 ya sa ta a ƙarƙashin GPL. Bugu na 2 ya yi shekara goma sha biyar ba a taɓa shi ba, duniya kuwa ta sauya a tsakani. Wani kamfanin Amurka mai suna TiVo ya yi akwatin naɗar shirye-shiryen talabijin da Linux a ciki. Ya saki kod ɗin kamar yadda lasisi ya ce, bai karya ko harafi ɗaya ba, amma ya gina akwatin yadda ba zai tashi da wata manhaja ba sai wadda ke ɗauke da hatimin kamfanin. Kana iya karanta kod, kana iya gyarawa, amma gyaranka ba zai hau kan akwatin da ka saya da kuɗinka ba. Stallman ya ce an ba mutum 'yanci a takarda an ƙwace a aikace.

Saboda wannan, da kuma matsalar haƙƙin ƙirƙira, FSF ta buɗe aikin gyaran lasisin a watan Janairun 2006, Stallman da lauyansu Eben Moglen suna ja gaba. Daftari huɗu aka yi, jama'a suna sharhi a fili. Ana tsakiyar aikin, a watan Nuwamban 2006, Microsoft da Novell suka ƙulla wata yarjejeniya da ta kare abokan cinikin Novell kaɗai daga ƙarar haƙƙin ƙirƙira, ta bar sauran masu amfani da Linux a rana, sai aka ƙara wani sashe don toshe irin wannan. Ranar 29 ga Yunin 2007 bugu na 3 ya fito. A cikinsa aka ce duk wanda ya sayar da na'urar amfanin gida da manhajar GPL 3 a ciki, dole ya bayar da bayanin da mai ita zai iya saka gyararriyar manhaja. Aka kuma sassauta hukunci: a bugu na 2 da zarar ka saɓa izininka ya faɗi, a na 3 kuwa mai laifin farko yana da kwana 30 bayan an sanar da shi ya gyara.

Linus ya ƙi. Hujjarsa ita ce cinikin da ya ƙulla da mutane mai sauƙi ne: na ba ka kod, ka gyara, ka dawo mini da gyaran. Yadda kamfani zai ƙera na'urarsa ba hurumin lasisin manhaja ba ne. A watan Satumban 2006 aka tambayi manyan masu aikin ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura, su 29, 28 suka zaɓi bugu na 2 a kan daftarin lokacin. Har yau ƙwayar Linux tana kan bugu na 2 kaɗai, kuma ita ce a cikin wayar da ke hannunka. Mafi yawan sauran Android kuwa Google ya sake shi da lasisin Apache 2.0, wanda bai ce komai a kan kulle ba. Shi ya sa kamfani ke iya sakin kod ɗin ƙwayar ya kuma rufe ƙofar wayar, bai saɓa wa kowa ba.

In ka tambayi ra'ayina, a kan kulle ina tare da Stallman, kuma zama a kusa da irinku ne ya kai ni nan. Wanda ke sauya waya duk shekara ba zai ji zafin ba. Mu a nan waya takan yi hannu uku ko huɗu, kamfani ya daina aiko mata da sabuntawa, ƙarfenta lafiya lau, kuma akwai yara a kasuwarku da za su iya raya ta da an bar ƙofar a buɗe. Amma ban ga laifin Linus ba da ya ce ba za a sauya wa dubban mutane sharaɗin da suka shigo a kansa ba. Gyaran kuma ya zo da tsadarsa, wadda masoyan FSF ba su cika son a ambata ba. Don gudun bugu na 3, Apple ya tsaya a kan tsohuwar bash 3.2, manhajar rubuta wa kwamfuta umarni, shekara da shekaru, a 2019 ya koma wata irinta mai suna zsh. Haka FreeBSD, wata manhajar sarrafa kwamfuta irin Linux, ta bar GCC, manhajar GNU mai juya kod zuwa harshen na'ura, ta koma wata mai suna Clang. Jama'ar GPL kansu suka rabu gida biyu, kod ɗin wannan ba ya shiga na wancan, kamar yadda ɗan'uwanmu na Tarauni zai iya tararwa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Gwale, ina kuma rubutu a Wikipedia ta Hausa idan na samu sarari. Na ji an ce ita ma ta taɓa sauya lasisi. In abu ya riga ya fita da lasisi, wa ke da ikon sauya shi?

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan rubutun da kike yi mana. Amsar a taƙaice: masu haƙƙin mallaka, dukkansu. Kin san gidan gado a cikin birni, wanda magada suka kai talatin, wani yana Legas, wani yana Saudiyya, wani ya rasu ya bar nasa magadan. Ba a sayar da shi sai kowa ya yarda. Haka aikin da mutane da yawa suka zuba hannu yake, kowa yana riƙe da haƙƙin layukan da ya rubuta. Mozilla, mai manhajar Firefox, ta fara bin masu gudummawarta a 2001 don sauya lasisi, ba ta gama ba sai 2006. OpenSSL, wadda ke tsare sirrin shafuka masu yawa, ta aika wa nata wasiƙa a 2017, ta ce wanda bai amsa ba za a ɗauka bai ƙi ba. Mutane suka yi ca a kan wannan, kuma ina ganin suna da hujja, domin shirun wanda wataƙila saƙon bai ma isa gare shi ba ba yarda ba ce. Sai a 2021, da bugu na 3.0, ta fita da lasisin Apache 2.0.

Wikipedia ba ta bi kowa gida-gida ba, kuma ba za ta iya ba. Abin da ya cece ta shi ne ɗan layin nan na "ko wani bugu na gaba". Rubutunta yana ƙarƙashin GFDL, lasisin da FSF ta tsara don littattafan bayanin manhaja, mai nauyin gaske ga gajeren rubutu, wanda kuma ba ya haɗuwa da na Creative Commons. A watan Nuwamban 2008 FSF ta fitar da bugu na 1.3, ta buɗe wata ƙofa ta ɗan lokaci, zuwa 1 ga Agustan 2009, da irin waɗannan shafuka za su iya ƙaura zuwa CC BY-SA, wani lasisin Creative Commons. Aka yi ƙuri'a, sama da mutum 17,000 suka jefa, kusan kashi uku cikin huɗu suka amince, aka ƙaura a 2009.

Sakamakon ya yi kyau, amma ki dubi girman abin. Wanda ya rubuta wannan layin ya ba wata gidauniya wuƙa da nama a kan sharuɗɗan da ba a rubuta ba tukuna. Wanda ya ƙi rubuta shi kuma ya ɗaure aikinsa a wuri ɗaya, wataƙila har abada. Ni a ƙananan ayyukana ina rubuta shi, domin na ɗanɗana wahalar rashinsa, kuma lasisin ya yi alkawarin cewa sabon bugu zai kasance da ruhin na baya. Wanda bai amince ba ban ce ya yi kuskure ba. Abin da nake roƙon matasanmu shi ne su yanke wannan shawara suna su uku a ɗaki ɗaya, tun ran gini ran zane, kafin su zama su hamsin a garuruwa goma.

TAMBAYA: Malam, a wurin aikinmu a Bompai muna amfani da Redis, manhajar adana bayanai a kan saba. Na ji kamfanin ya sauya lasisi. Za su iya karɓe wanda muka riga muka saka?

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Bugun da ya fita da lasisin BSD yana nan a kansa, sauyin ya shafi na gaba ne kawai. A watan Maris na 2024 kamfanin ya koma wasu lasisi masu taƙaita masu hayar saba, bisa kukan cewa manyan kamfanoni suna cin riba da aikinsa ba sa mayar da komai. Kamfanin MongoDB ya yi irin haka a 2018, na HashiCorp, mai manhajar Terraform, a 2023. Nan da nan wasu masu gudummawa suka ɗauki bugu na 7.2.4 na Redis, suka ci gaba da shi da sunan Valkey a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, kamar yadda OpenTofu ta ɓalle daga Terraform. A watan Mayun 2025 Redis ta ƙara AGPL bugu na 3 a cikin zaɓinta, lasisin da ya fito a 2007 wanda ke wajabta ba da kod ga masu amfani da gyararriyar manhaja ta intanet. Kukan kamfanonin ba ƙarya ba ne, amma ina jin zafin mutanen da suka yi aiki dare da rana bisa fahimta ɗaya suka wayi gari a kan wata.

Ku duba bugun da ke kan sabarku da lasisin da ya zo da shi kafin ku sabunta. Nan gaba kuma, in za ku jingina aiki a kan wata manhaja, ku duba ko kamfani ɗaya ne ke sa masu gudummawa su sa hannu su ba shi ikon sauya lasisi, domin inda aka yi haka ba ya buƙatar tambayar kowa.

Ɗalibina na Tarauni, in layin da na ce ku nema ya shige muku duhu, ku zo da kwamfutar ranar Asabar bayan la'asar, ku ukun duka, mu buɗe fayilolin tare.